Kaset ɗin Inga

Tsibirin Orkney, 16 ga Oktoba, 1983

Ƙanena Erlend,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya a duk tashar da jirginku ya tsaya. Mu nan da sauƙi. Tarin Magnus ya lafa, ni kuma gwiwar nan ce kawai take taɓa ni idan sanyi ya sauko. An haƙe dankali, an shigo da shanu.

Ta'aziyyarka ta iso. Don Allah ka daina roƙona gafara a kan rashin zuwa jana'iza. Kana tsakiyar teku, sanƙarau kuma bai jira kowa ba. Mu da muke gida ma, kafin jirgin asibiti ya sauka Inga ta daina gane mu. Shekara sha biyar aka ba mu da ita, ba ni da abin da zan ƙara a kan haka.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Sai makon jiya na iya shiga ɗakinta. Kwamfutar da ka kawo mata bara, 'yar baƙar nan mai maɓallan roba, tana nan kan tebur yadda ta bar ta, haɗe da tsohuwar talabijin ɗin Inna da rakoda. A cikin rakodar akwai kaset, ta rubuta a jikinsa da jan biro: “GIDANMU. Mama kada ki taɓa.”

Na taɓa. Na kunna shi ina tsammanin muryarta zan ji, ko waƙar nan da take damun mu da ita. Sai wata ƙara mai tsinin gaske ta fito, kamar ana goga wuƙa a jikin kwano, ba tsayawa. Magnus ya hawo da gudu, ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba. Ya ce, “Me kike yi wa kanki, Thora? Kashe abin nan.” So yake a zuba komai a kwali a kai saman rufi. Ka san mijina, bai taɓa zama mai yawan magana ba, amma tun ranar da muka dawo daga maƙabarta bai ambaci sunan 'yarsa ko sau ɗaya ba. Sai dai ya ce “yarinyar”.

Kai ka san waɗannan abubuwa. Kaset ɗin lalacewa ya yi, ko dama haka yake? Idan akwai wani abu nata a ciki, ina so in gani. Ka bayyana mini dalla-dalla kamar kana yi wa saniya bayani, don ka san ko agogon bango ban iya saitawa ba.

Yayarka,
Thora

Tekun Fasha, 5 ga Nuwamba, 1983

Yaya Thora,

Na gode da takardarki. Ina lafiya, sai zafi, ƙarfen jirgi ba ya taɓuwa da rana. Ki riƙa sa wa gwiwar nan ruwan ɗumi, kuma ki gaishe da Magnus.

Kaset ɗin lafiyarsa ƙalau. Wannan ƙarar da kika ji ita ce rubutun. Kwamfutar ba ta iya riƙe komai idan ba wuta, saboda haka duk abin da aka rubuta mata sai a mayar da shi ƙara a ɗauka a kaset. Idan aka kunna mata ƙarar, sai ta tuna. Na daɗe a ɗakin rediyo da takardarki a hannu, domin ina jin na san ko mene ne. A watan Yuni Inga ta rubuto mini tana tambaya, “Kawu, yaya ake yi wa wasa ƙofofi, mutum ya fita daga wani ɗaki ya shiga wani?” Na aika mata amsa shafi uku. Ba ta ce mini gidanku take ginawa ba.

To ga yadda za ki yi. Ki jona wuta, ki kunna talabijin, ki taɓa maɓallin da aka rubuta wa ENTER. Za ki ga harafin K yana ƙiftawa a ƙasan allo. Jiran umarni take. Kada ki rubuta kalma harafi-harafi kamar a tafireta, kowane maɓalli yana ɗauke da cikakkiyar kalma a kansa. Ki danna J sau ɗaya, kalmar LOAD za ta fito da kanta, ma'anarta ɗauko. Sai ki riƙe maɓalli mai jan rubutu da ke ƙasa ta dama, ki danna P sau biyu, wasu 'yan ƙugiyoyi za su fito. Sai ENTER, sai ki kunna rakoda. Gefen allon zai yi ratsi-ratsi, ja da shuɗi, daga baya rawaya. Ki je ki haɗa shayi, kafin ki dawo ya hau.

Idan kina son ganin ainihin rubutun da ta yi, layi-layi da lambobinsa, ki riƙe maɓallin ƙarshe na hagu tare da na tazara, wasan zai tsaya. Sai ki danna K, zai ba ki LIST, wato jero mini.

Abu biyu zan ja miki kunne a kai. Kada ki danna A a farkon layi, kalmar da ke kansa sharewa take yi kaf. Sannan Inga ta ce ramin wayar wuta ya yi sako-sako har ta ɗaure shi da salatif. Kada ki taɓa wayoyin baya idan tana kunne, da ta motsa komai ya tafi, sai an sake ɗaukowa daga kaset.

Idan abin ya gagara, ki nemi malamin lissafinsu. Babu kunya a ciki.

Ƙanenki,
Erlend

Orkney, 24 ga Nuwamba, 1983

Erlend,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, sai iska da ta hana jirgin ruwa zuwa har sau biyu, shago ya ƙare da burodi, na koma gasa na sha'ir kamar zamanin Inna.

Ba zan nemi malamin kowa ba. Ta ce kada ni ma in taɓa, balle wani ƙato daga makaranta.

Na sha wuya, ka sani. Maɓallan nan kamar naman da bai dahu ba, ka danna ba ka san ko sun ji ba. Ranar farko na rubuta L da O da A da D duk da gargaɗinka, allon ya cika da kalmomin da ban kira ba. Da na gane J ɗin, sai ƙugiyoyin suka ƙi fitowa, ashe maɓallin hagu nake riƙewa. Da suka fito, ratsin ya zo ya tafi, ba abin da ya hau, sai da na ƙara muryar rakoda. Na zagi abin nan zagin da ban taɓa yi wa ko tunkiya ba.

Ranar Talata da hantsi ya hau. Allo ya yi baƙi, sai rubutu ya fito:

“Na ce kada ki taɓa, Mama. To tunda kin taɓa, goge ƙafarki ki shigo.”

Erlend, ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Dariya nake ko kuka, ban sani ba, na dai toshe bakina da rigar sanyinta.

Gidanmu ne ta zuba a ciki. Ba hoto, magana ce kawai. Sai ta ce, “Kina ɗakin girki. Tukunya tana tafasa. Kina neman tabarau, yana kanki. Ina za ki?” Ni kuma in rubuta GABAS ko YAMMA ko SAMA. Idan na fita tsakar gida sai ta ce kazar nan mai ido ɗaya tana hararata. Akwai garken shanu, akwai shagon da Magnus yake kwance injuna. Idan na rubuta abin da ba ta sani ba sai ta ce, “Ban gane ba. Buɗe baki ki yi magana kamar mutane.” Maganata ce, ka ji, abin da nake faɗa mata kullum idan tana gunaguni.

Idan an hau sama ana shiga ɗakinta. Nan ta fi yin dogon rubutu, allo biyu cur. Ba zan faɗa maka abin da ta ce a can ba. Wannan nawa ne.

Yanzu kowace safiya idan na gama da shanu sai in hau in ɗauko shi. Yatsuna sun fara sanin hanya. Magnus ya san abin da nake yi. Shekaranjiya ina saukowa ya ce, “Kin gama hira da talabijin?” Na ce, “Kana ciki kai ma, ka zo ka gani.” Ya ɗauki hularsa ya fita, bai dawo ba sai da abinci ya huce.

Ga damuwata. Sau biyu a makon nan ya ƙi hawa sai da na sake. Kaset yana tsufa, ko ba haka ba? Na Inna na waƙoƙin coci haka ya yi ta ja har ya tsinke. Akwai yadda za a yi masa na biyu? Ka rubuto da wuri.

Thora

12 ga Disamba, 1983

Yaya,

A gurguje, wani abokin aiki zai sauka ya hau jirgin sama zuwa gida, zan ba shi wannan ya jefa a akwatin gidan waya a London. Ina lafiya, ina fatan kuna lafiya.

Na manta abu ɗaya a bayanin da na yi miki. Kafin ki ɗauka, ki mayar da kaset ɗin farkonsa tukuna, ki ɗan wuce farin zaren nan na gaba, don ba ya ɗaukar komai. To bayan wasan ya hau kin tsayar da shi, sai S, zai ba ki SAVE, wato adana. Ƙugiya, sunan wasan, ƙugiya, ENTER. Ki danna jan maɓallin rakoda tare da na kunnawa, sannan ki taɓa kowane maɓalli a kwamfuta. Idan ratsin ya ƙare, shi ke nan, kin huta da fargaba.

Har yanzu ina dariyar tabarau. Barka da Kirsimeti tun kafin ta zo.

Erlend

Orkney, 21 ga Disamba, 1983

Erlend,

Ban san ko in gaishe ka ba. Muna raye.

Na yi abin da ka ce. Katinka ya zo ranar Litinin, na ɗauko wasan, na tsayar da shi, na mayar da kaset ɗin farko, na wuce farin zaren, na danna jan maɓalli. Ratsi ya zo ya wuce. Na ji daɗi har na ce bari in saurari ƙarar, in ji ko ta ƙara ƙarfi.

Babu ƙarar. Abin da ke kan kaset ɗin Inga yanzu shi ne ƙarar kujera, da iska a taga, da ni ina tari, ina cewa, “Yauwa, yi haƙuri, saura kaɗan.” Na kai shi gaba, na dawo da shi baya, na juya ɗaya gefen. Ba komai. Na shafe shi da hannuna.

Ka ce “kaset ɗin”. Kaset ɗaya na sani a ɗakin nan. Na ɗauka sabunta shi za a yi a kansa, kamar yadda ake bin tsohon rubutu da sabon biro. Wane bayani ne ka ce ka yi mini? Ban ga wani bayani ba. Idan wani kaset kake nufi, me ya hana ka faɗa? Na ce ka yi mini kamar saniya, Erlend, na faɗa maka.

Abu ɗaya ya rage. Ban kashe kwamfutar ba. Na danna K, rubutun ya jero, yana nan duka. Yanzu duk duniya babu inda gidan nan yake sai cikin wannan 'yar baƙar aba, ita kuma kai ka ce da wuta ta ɗauke ta manta. Na kwaso kaset-kaset na waƙoƙin Magnus na gwada ɗauka a kansu, duka tarina kawai suke ɗauka. Na san akwai abin da ya kamata a yi da wayoyin baya, akwai wani rami da ba kowa a cikinsa, amma yana dab da wayar wutar da aka ɗaure da salatif, kai kuma ka ce kada in taɓa. Na kai hannu na janye ya fi a ƙirga.

Na ajiye girman kai na buga wa makaranta tarho. An yi hutu, malamin ya tafi wajen iyayensa a kudu. Na buga wa shagon kayan lantarki na garin Kirkwall, wani yaro ya ce, “Ai SAVE za ki danna, Uwa.” Na buga ofishin kamfaninku, suka ce za su ba ka saƙo idan kun isa tasha.

Saboda haka na ɗauko littafin makarantarta da ba ta fara ba, ina kwafe rubutun da hannu daga allo. Kowane layi da lambarsa, kowane waƙafi, kowace ƙugiya. Ban san ma'anar rabinsa ba. Na gane PRINT ita ce inda take magana, GO TO kuma ita ce ƙofa. Sauran ina zana su ne yadda na gan su. Abin yana zafi kamar dutsen guga, na ɗora shi kan faranti na buɗe taga. Na manna takarda a jikin soket: KADA A KASHE. Na hana a kunna hita da butar lantarki tare.

Rediyo ya ce guguwa tana tafe. Ka rubuto. Ko ka bari, kafin takardarka ta iso an riga an gama.

Thora

Orkney, 5 ga Janairu, 1984

Erlend,

Gaisuwa. Muna lafiya. Guguwa ta kwashe rabin rufin garke, amma ba a rasa dabba ba.

Zan faɗa maka yadda aka yi, bi da bi, don kada in sake faɗa.

Washegarin ranar da na rubuto maka, ina zaune ina kwafa, idona yana ta ruwa. Sai in sa tabarau in dubi allo, in cire in dubi littafi, in rasa inda nake. Magnus ya kawo mini shayi. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar kullum, ya miƙo hannu, kofin bai kai gare ni ba. Ya daɗe a haka. Can sai ya tako ya shigo.

Ya ce, “A haka za ki kai Ista ba ki gama ba. Matsa. Ni in karanta, ke ki rubuta.”

Ya zauna a kujerarta, gwiwoyinsa ba su ma shiga ƙarƙashin teburin ba. Ya riƙa bin allon da yatsa yana karantawa da muryar nan tasa ta karatun coci: “Layi na ɗari uku da goma. PRINT. Ƙugiya.” Idan na ce ya maimaita sai ya ce, “Kunnen ma ya tafi ne?” Muka wuce ɗakin girki, muka wuce tsakar gida da kazar. Sai muka iso shagonsa. Ya karanta, “Baba yana gyaran injin da ya gyara jiya. Idan kin tambaye shi zai ce saura ƙiris.”

Bai wuce layi na gaba ba. Na ɗaga kai, yatsansa yana nan kan allon. Ya ce, “Ja'irar yarinya.” Ya ƙara cewa, “Ja'ira. Inga.” Sai ya kifa kansa a kan teburin, ni kuma tsoro ya kama ni kada ya motsa wayar, na riƙe kafaɗarsa da hannu ɗaya, ɗayan na tare kwamfutar. Haka muka yi kukanmu na farko tare, ina gadin waya.

Daga nan bai sake barina ni kaɗai ba, sai dai ya je ya ba shanu ciyawa ya dawo. Ranar jajibirin Kirsimeti da azahar mun kai matakala. Iska tana dukan gidan kamar za ta ɗaga shi. Fitila ta yi ƙasa ta dawo, muka dubi juna, ya ƙara sauri har ina rubutu ba na gane hannuna. Yana cikin cewa, “Kina hawa matakala, ta uku tana ƙara,” sai allon ya tsuke ya zama ɗigo ɗaya fari, ɗigon ma ya ɓace. Falwaya ce ta faɗi a hanyar coci.

Magnus ya ruga ƙasa wai zai ɗauko batirin tarakta. Na ji shi yana faɗuwa da kaya a shago. Ban hana shi ba, ko da yake na san abin da ka faɗa mini. Da wuta ta dawo bayan Kirsimeti na jona, ta nuna mini farin allo, kamar ba ta taɓa sanin kowa ba.

Ɗakinta shi ne a ƙarshen jerin. Ba mu kai ba. Da na ga dama tun ranar farko da na gangara can na fara da shi. Na yi ta ce wa kaina a bi a tsare kada a tsallake layi, ɗakin yana nan yana jira.

Jiya jirgin ruwa ya zo da wasiƙun da suka taru. A ciki akwai taka ta tara ga Disamba, shafi huɗu, ambulan duk tambarin garuruwa. Layin farko ka ce, “Kafin komai, ki cire kaset ɗin Inga ki ɓoye a aljihun tebur, ki sayo sabo.” Na biyu ka ce in zare wayar rakoda daga raminta in mayar da ita ramin da ke kusa, a hankali, ba abin da zai faru.

Na karanta wa Magnus. Ya karɓa ya ninke ya sa bayan agogo.

Thora

Singapore, 27 ga Janairu, 1984

Yaya Thora,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Magnus. Lafiyata ƙalau, ina ma jin kunyar faɗar haka.

Takardunki biyu tare aka miƙo mini su yau, da saƙon tarhonki a kan wata 'yar takarda. Na karanta ta farko na tashi tsaye ina neman yadda zan same ki, sannan na ga kwanan watan ta biyu.

Doguwar wasiƙar na sa ta a jakar kamfani kamar kullum. Bayan kwana uku na tuna maganar farin zaren, na ji tsoron kada ki ɗauka a kansa ki rasa farkon wasan, shi ya sa na rubuta katin na ba mai tafiya don ya yi sauri. Ko kaɗan bai zo mini ba cewa zai riga ta isa. Kalma ɗaya, “sabo”, da na sa ta da ba haka ba. Kuma ni na tsorata ki da wayoyin baya. Ba ki yi kuskure ba, Yaya, abin da aka rubuta miki kika bi. Ni na kawo abin nan gidanku, ni kuma na kwashe abin da ta bari a ciki.

Ki adana littafin nan, kada ya jiƙe. Abin da kuka kwafa zai tashi idan aka sake shigar da shi. Kwantiragina zai ƙare a watan Mayu, ba zan sabunta ba. Idan na zo zan shigar miki da shi duka. Ɗakin nata kuma, ki faɗa mini abin da kika tuna, ni na san yadda take jera layukanta, ina da wasiƙunta, zan iya rubuta shi yadda ba za a gane bambanci ba. Ki bar ni in yi wannan ko ba komai.

Idan ba ki son amsa mini yanzu, na gane.

Ƙanenki,
Erlend

Orkney, 18 ga Maris, 1984

Ƙanena Erlend,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ka yi haƙuri da shirun. Na fara rubuto maka a Fabrairu na yaga, don abin da ke ciki ba na aikawa ba ne. Muna lafiya. Tumaki sun fara haihuwa, an gyara rufin garke, rana ta fara daɗewa.

Na yi fushi da kai, ba zan ɓoye ba. Na yi fushi da gidan waya, da iska, da kaina fiye da kowa. Yanzu na gaji da shi. Kai ka koya mata yin ƙofofin nan, ba don kai ba da babu gidan ma balle a rasa wani sashe nasa. Kada ka bar aikinka saboda wannan. Idan ka gaji da teku ne, to, ka dawo, gadonka yana nan.

Ba sai ka shigar mini da komai ba. Mun riga mun yi. Magnus yana karantowa daga littafi, ni ina dannawa. Sai da na nemo kowace kalma a inda ta ɓuya, wasu a kan maɓalli, wasu a ƙarƙashinsa da jan rubutu, wasu sai an riƙe biyu kafin su fito. Idan na yi kuskure sai ta ƙi karɓar layin, ta kafa mini alamar tambaya tana ƙiftawa. Wani layi mun kwana biyu a kansa, ashe sifili ne na kwafa a matsayin harafin O. Magnus ya ce, “Rubutunki ne kamar tafiyar kaza.” Na ce, “Karatunka ne kamar na mai jin barci.” Kullum kafin mu tashi sai in adana a sabon kaset, in mayar da waya ramin da ka ce. Kaset uku na yi, ɗaya yana gidan maƙwabta.

Ranar da muka gama na danna R, ta ba ni RUN, ya tashi. Ɗakin girki yana nan, da tsakar gida, da garke, da shago. Magnus da kansa yake zuwa shagon, da yatsa ɗaya, yana neman kowane harafi kamar mai tsintar allura.

Amma idan aka rubuta SAMA, sai a hau matakala, wasan ya tsaya cik, don ƙofar tana nuna layin da babu shi.

Game da abin da ka ce za ka rubuta, na gode, amma a'a. Na gwada da kaina. Na karanta ɗakin nan kullum har wata guda, na ɗauka na haddace. Da na zauna rubutawa, yau in tuna shi haka, gobe in tuna shi daban. Na san ta yi maganar taga da jirgin ruwa, na san abin da ta ce a kaina a ƙarshe. Amma da na jera kalmomin sai na ji muryata ce, ba tata ba. Idan kai ka yi, yadda ba za a gane bambanci ba, to wata rana ni ma ba zan gane ba. Wannan nake tsoro.

Sai dai ba a barin matakala tana kai mutum sarari. Magnus ya ce in sa, “Tana ciki tana karatu.” Na ce ba zan sa abin da ba haka yake ba. Ya ce, “Wasa ne fa, Thora.” Na ce na sani. Ya tashi ya fita wajen tumaki, na ɗauka maganar ta mutu ke nan. Da ya dawo, yana wanke hannu a ɗakin girki, bai juyo ba ya ce, “To ki ce ƙofar a rufe take. Wannan ai gaskiya ne.”

Na hau na ba layin lamba, na danna P, na buɗe ƙugiya na rubuta: “Ƙofar a rufe take. Sauko ƙasa, shayi yana hucewa.” Na sa GO TO ta mayar da mutum ɗakin girki. Shi ne layi na farko da na rubuta wanda ba kwafa na yi ba, ta kuwa karɓa ba gardama.

Idan za ka zo a Mayu ka sanar da mu jirgin da za ka biyo, Magnus zai tare ka a tasha. Ka taho da rigar sanyi, ka manta yadda garin nan yake.

Yayarka,
Thora